Magen Mai Gidanmu a Dengfeng

Shekarun baya, lokacin muna zaune a Guangzhou ni da maigidana, Allah ya ba mu haihuwar farko, namiji. Shi maigidan aikinsa haɗa wa 'yan kasuwar Kano da Maraɗi kaya, ya bi kwantena har tashar jiragen ruwa ta Nansha ya ga an loda, saboda haka in ya fita da sassafe sai bayan magariba. Da ƙyar aka samar wa mahaifiyata biza ta zo ta zauna mini jego.

Gidan da muke haya a unguwar Dengfeng yake, ɗaki biyu da 'yar baranda. Barandarmu manne take da ta mai gidan, wata tsohuwa 'yar China wadda mijinta ya rasu, 'ya'yanta kuma suna wani gari. Ba ta da abokin zama sai wata ƙatuwar mage fara mai ratsin ruwan goro. Ni dai na saba da magen, takan ratso ta ƙarfen baranda ta kwanta a kan tabarmata in rana ta fito.

Wata rana bayan azahar barci ya kwashe ni, Umma tana kicin tana tuƙa tuwo. Salatinta ne ya tashe ni. Ina buɗe ido na ga magen kwance a gefen jaririn, ta kai hancinta dab da fuskarsa tana shinshina. Kafin in yi motsi Umma ta sakar mata muciya, muciyar da ta taho da ita tun daga Kano wai ba ta yarda a China akwai irinta ba. Mage ta yi ƙara ta fice tana ɗingishi. Umma ta sure yaron, ta jiƙa yatsanta da yawu ta kara a hancinsa.

"Yana numfashi," ta ce. "Yana numfashi. Ke, rufe ƙofar nan!"

Na ce, "Umma, mage ce fa kawai."

Ta ce, "Ba ki san suna zuƙe numfashin mai barci ba?"

Ba a jima ba mai gida ta buga mana ƙofa, rungume da magenta, tana faɗa da yaren da ko kalma ɗaya ban kama ba. Da maigidana ya dawo ya je ba da haƙuri da ɗan Sinancinsa na kasuwa, wanda bai wuce na cinikin kaya ba. Ya ce zai biya kuɗin likitan dabbobi, ta ce masa "meyo", wato babu, ta rufe ƙofa.  Duk wanda ya zauna a can a lokacin ya san wahalar da baƙar fata ke sha kafin ya samu gidan haya, ga wa'adin hayarmu ya kusa, ga ɗanyen goyo.

Amma abin da ya fi damuna Umma ce. Ta daina barci. Duk sanda na farka zan gan ta zaune a bakin gado da carbi, idonta a kan ƙirjin yaron. Ta rufe kowace taga, ga damshin garin nan da har bango ke gumi. Ƙafafunta suka kumbura, ga shi dama tana da hawan jini. Ta ce wa maigidana, idonta a ƙasa, ko dai a canja gida ko a bar ta ta tafi da mu Kano.

Ni kuwa, da ɗan bokona da nake ji da shi, sai na ɗauko waya na zauna a gabanta kamar malamar makaranta. Na karanta mata cewa likitoci sun ce mage ba ta satar numfashi, ɗumi take nema da ƙanshin nono, abin da ake gudu kawai kada ta kwanta a kan fuskar jariri. Har da ɗaga yatsa nake yi. Ta bar ni na kai ƙarshe, sannan ta ce, "Kin gama?"

Na ce na gama.

Ta ce, "Ba ki taɓa tambayar kanki ba, me ya sa nake kiran sunanki gatsau a gaban mutane? Wace uwa ce ke faɗin sunan 'yar fari?"

 Tun ina yarinya ƙawayena ke mamakin wannan, ni kuma na ɗauka wayewa ce.

Ta ce, "Ba ke ce ta fari ba. Kina da wa. Bai yi arba'in ba. Na shayar da shi, na kwantar da shi lafiya ƙalau, na fita shanya. Da na dawo magen gidan tana kwance kusa da kansa, shi kuma ya yi sanyi. Kakarki ta ce mage ce. Kowa ya ce mage ce." Ta juya carbinta. "In ba ita ba ce, to wa ke nan? Ni da na fita na bar shi?"

Na ajiye wayar. Na kama ƙafarta da ta kumbura ina matsa mata.

Washegari na goya yaron na buga ƙofar mai gida. Da wayar na yi amfani, wadda ake magana ta juya zuwa Sinanci. Na fara dogon bayani a kan abin da mutanenmu suka yi imani da shi, ban san me ta juya mata ba, na dai ga matar ta ƙara haɗe fuska. Sai na gajarta. Na ce ɗan mahaifiyata na farko ya mutu yana barci, da mage a kusa da shi. Ta karanta, ta sake karantawa. Ta kalli goyon da ke bayana, ta miƙa hannu ta gyara masa hula. 

Kafin la'asar sai ga ta da wani ma'aikaci, ya ɗaura ragar waya tsakanin barandarmu da tata tun daga sama har ƙasa. Ta kama hannun Umma ta kai ta wurin, ta jijjiga ragar da ƙarfi don ta gani, ta nuna magen, ta nuna ɗakinmu, ta ce "meyo". Wannan kalmar dai Umma ta gane. Ranar ta yi barci har da minshari, ni na zauna gadin yaron.

Da yaron ya cika wata ɗaya, mai gidan ta kawo mana dafaffen ƙwai da aka rina ja, haka suke yi wa jarirai. Umma ta rama da yajin jego, matar ta ɗanɗana har da hawaye, suka yi ta dariya ba mai jin yaren wata. Haya ma ta sabunta mana. Umma ba ta taɓa yarda ta kalli magen ba, amma duk ranar da muka dafa kifi sai ta ware kan kifin a leda ta miƙo mini ta ce, "Kai wa waccan abar. Ƙafar tata ta warke?"

Har yau Umma tana nan a kan bakanta cewa mage tana zuƙe numfashi, ni kuma ban sake gyara mata ba. Na san abin da likitoci suka ce, na kuma yarda da shi. Sai dai na gane wannan maganar ce ta riƙe wata yarinya ƙarama da ta dawo daga shanya ta tarar da ɗanta ya mutu, ita ta ba ta damar ci gaba da rayuwa har ta haife ni. Yanzu in na ji tsohuwa ta faɗi abin da muke kira camfi, nakan fara tambayarta a wurin wa ta ji, kuma yaushe.

A filin jirgi, ranar da za ta koma, na tambaye ta sunan yayan nawa. Ta waiga ta tabbatar surukinta ya yi nisa da akwatuna, sannan ta raɗa mini a kunne. Tun daga ranar, in ina lissafa 'yan gidanmu a addu'a, da shi nake farawa.