Dije Ba Ta Yabon Kanta

Har gobe ina tuna ranar da na fara ganin Dije. Ina cikin ɗan burona, wato ofishina, a likitar Filinge, asibitin garin, ina buga takardu da mashin, sai na hango ta taga wata budurwa durƙushe a gindin iccen bedi, tana ɗura wa jariri kunu da cokali. Zuciyata ta yi irin tsallen nan da nake karantawa a littattafan soyayya na kasuwa.

Shekarun fari ne. Makiyayan da shanunsu suka ƙare sun yada zango a bakin gari, ƙyanda da tamowa suna ɗibar yara. Dije ta gama makarantar jinya, amma na wucin gadi aka ɗauke ta, ita da wasu. Da abin ya lafa, aka ce mutum ɗaya za a riƙe, sauran su koma gida. Aka ce kowa ya haɗa dosiye, wato kundin takardunsa, har da takardar tarihin aiki: inda ka yi karatu, inda ka yi aiki, abin da ka iya. Majo, wato shugaban masu jinya, zai sa hannu a aika Yamai.

Ta kawo mini tata in buga, ni Idi da ake ce wa Mushe, wato malam da Faransanci. Suna, gari, makaranta. Shi ke nan.

"Dije, ina aikin da kika yi a zangon makiyaya?"

"Mushe Idi, in zamna in yabi kaina? In Inna ta ji, cewa za ta yi na zama maroƙiya."

"Sauran fa sun cika takarda gaba da baya."

"Allah shi ba su sa'a."

Na kai wa majo kuka. Ya ce, "A Yamai ba su san ta ba, takarda suke karantawa. In bakinta ya ƙi, nemo mata baki."

Ranar kasuwa na fitar da teburi da mashin tsakar gida, na aika a gaya wa mata. Suka zo da goyo, daga Tabla, daga Bonkuku, har da na zangon. Suna faɗa, ina mayarwa Faransanci.

Wata tsohuwar Bafulatana ta ce, "Rubuta, ɗana. Jikata ta daina haɗiya, ita ta zauna kanta har ta haɗiya."

Wata ta ce, "Sa cewa allurarta ba ta da zafi."

Wata kuma ta dube ni ta ce, "Sa kuma ba ta da miji."

Aka tuntsire da dariya. Majo ya ce, "Wannan ba ya shiga dosiye, baba."

Dije kuwa ta ɓuya a ɗakin magani. Da na karanta mata, abu ɗaya ta gyara: "Waccan haihuwar da suka faɗa, ba ni kaɗai na karɓa ba, mu biyu ne." Na gyara, ta sa hannu tana sunne kai. Ita aka riƙe.

Tun daga ranar, in ƙaramin ma'aikaci ya kawo mini takarda fayau, ba na ɗaukarsa rago. Masu jinyarmu sun fi iya aiki da faɗin aiki, sai an tambayi waɗanda suka yi jinya a hannunsu.

Dije ta zama majo a Filinge. Na ci goron ɗaurin aurenta, ba ni ne angon ba, kuma Allah ya ba ni tawa. Yanzu ta huta, ido ya yi rauni. In ta ratsa kasuwa wani ya kira "Dije", ba ta waiwayawa, don iyaye sun yi ta sa wa 'ya'yansu sunanta, takwarorinta sun yi yawa.