Darasin Takaba Da Na Raba Biyu

Daga Allah muka zo, kuma wurinsa za mu tattara. Ranar Talata, 14 ga Janairu, 2025, bayan sallar azahar, Allah Ya karɓi ran Malam Mutawakilu Idrisu na unguwar Nima, yana da shekara sittin da ɗaya, bayan wata uku yana fama da ciwon ƙoda. Washegari da hantsi muka kai shi makwancinsa.

Malam, ni ne Muftahu mai gyaran waya a kasuwar Circle, wanda kake tsokana da "injiniyan makaranta" alhali firamare kaɗai na gama. Shekarar da annoba ta sa aka rufe masallatai ka zo shagona da wata waya mai fasasshen gilashi, ka ce a cikinta za mu buɗe makarantar fiƙihu. Na yi maka dariya. Kai da ka taɓa yin karatun minti arba'in kana fuskantar wayar ba ka danna maɓallin ɗauka ba. Da na gaya maka, murmushi kawai ka yi, ka gyara zama, ka sake daga Bismillah.

Haka muka fara. Kai ka karanta, ni in tura a WhatsApp: tsarki, sallah, azumi, ciniki, aure. Ka yi da Hausa, ka maimaita da harshen Twi saboda waɗanda Hausarsu ba ta nuna ba. Direban trotro, wato bas ɗin haya, yana saurarenka a tasha, mai dako tana saurarenka da kwano a ka. Matan da kunya ta hana su tambayar jinin al'ada a gaban maza sun samu inda za su tambaya, kuma ba ka taɓa kama sunan kowa ba, sai dai ka ce "wata 'yar'uwa ta yi tambaya."

Akwai abin da na daɗe ina ɓoyewa, yau zan faɗe shi. Mutane sun dame ni da ƙorafin cewa darasi mai tsawo yana cinye musu data, sai na fara yanka karatunka minti uku-uku. Ranar darasin takaba, wato zaman da mace ke yi bayan mutuwar mijinta, na yanka a inda bai kamata ba. Rabin farko ya ƙare da cewa mai takaba za ta zauna a gidan mijinta wata huɗu da kwana goma. A rabi na biyu ne ka ce tana iya fita da rana neman abinci, ta je kasuwa ko asibiti, in dai za ta kwana a gidanta kuma ta bar ado. Rabin farko ya zaga duniya, na biyun ko Kotobabi, unguwar da ke maƙwabtaka da mu, bai wuce ba. Har yau ina jin haushin waɗanda suka ga saƙo biyu suka zaɓi mai tsananin suka tura.

Sai ga Sanatu, mai sayar da doya a unguwar Old Fadama, mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya huɗu. Dangin mijin suka kunna mata muryarka, ta kulle kanta a ɗaki mako bakwai. Wata mata ta karɓe wurin zamanta a kasuwa, yaran suka koma cin gari da ruwa. Da labarin ya iso maka, ƙafafunka sun riga sun fara kumbura, amma ka hau trotro har ƙofar ɗakinta. Ka tara dangin, ka karanta musu hukuncin cikakke, sannan ka roƙi gafararta. Ko sau ɗaya ba ka ambaci sunana ba. A hanyar dawowa na ce laifina ne, ka ce, "Chale, abokina, bar wannan magana. Murya na ne, ba naka ba. Gobe ƙiyama ni za a tambaya."

Daga ranar ba ka ƙara faɗin hukunci ba sai ka haɗa shi da sauƙinsa a numfashi ɗaya, don kada wuƙar wani ta sake shiga tsakani. Ka ɗauki gyara sau uku, muka tura ko'ina. Amma tsohon rabin ya ƙi mutuwa. Yau ya ɓullo daga Tamale, gobe daga wajen 'yan Zango da ke Italiya. A gadon asibiti, kwana biyu kafin ka cika, ka riƙe hannuna ka ce, "Wancan rabin, yana yawo har yanzu?" Na ce ya ɓace. Ƙarya na yi maka, Malam, don ka samu barci.

Kwana tara bayan jana'izarka, matarka Mma Ƙaltume ta fito da tukunyar shinkafa da wake a bakin titin Maamobi, inda ta saba sayarwa, da mayafi mara ado. Wani mutum da bai san ko wace ce ba, ya dai ji an ce tana takaba, ya matso ya kunna mata wayarsa don ta ji abin da malamai suka ce. Muryarka ce. Ina tsaye a wurin. Ta ajiye ludayi ta saurara har ƙarshe, hawaye na zuba. Sannan ta ce, "Sa min kuma." Ya sake kunnawa. Da ya ƙare ta tambaye shi ina rabi na biyu, ya ce bai san akwai ba. Ta share fuska, ta ɗauki ludayinta, ta zuba wa na gaba a layi.

Duk wanda wannan rubutu ya iske, don Allah ya duba wayarsa. In rabin nan yana ciki, ya goge shi, ya tura cikakken darasin ga duk wanda ya taɓa tura wa guntun.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Mma Ƙaltume, da 'ya'yansu Basit da Latifatu, da ɗaliban da ba su taɓa ganin fuskarsa ba amma sun san muryarsa har da tarinsa. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa. Ya Allah, Ka jiƙan Malam Mutawakilu, Ka yalwata kabarinsa, Ka sa kowane darasi ya zame masa haske. Idan kuma za a tambayi wani game da minti ukun nan, Ya Ubangiji, Kai ne shaida, shi ya karanta cikakke, ni na yanke.