Humrata da Bareyin Scotland

Shekarun baya, lokacin da gwamnatin ƙasar nan ta tsuke bakin aljihu, aka rufe sashen da maigidana yake aiki a ƙaramar hukuma, wato council, a Manchester. Mutumin da in ya fara labari sai tuwo ya huce a gabansa, ya koma ba ya cewa komai sai "to" da "Allah ya kyauta". In na dawo daga asibitin da nake aiki, sai in tarar da shi a falonmu na unguwar Longsight ya zuba wa talabijin ido, kullum shirin namun daji. Rashin albashin bai tayar mini da hankali kamar shirun ba. Tsorona kada ya zame masa jiki.

Wata rana aka nuno wasu manyan bareyi masu ƙaho kamar reshen bishiya, can cikin duwatsun arewacin Scotland. Sai na ji ya ce, "Ko yaya waɗannan suke ido da ido?" Rabon da ya yi tambaya a kan wani abu har na manta. Ban bari maganar ta faɗi ƙasa ba, washegari na nemi hutu don mu je mu gan su.

Sai da muka yi kudu kafin mu yi arewa, don a Birmingham za mu bar yara wajen yayata, wadda sana'arta haɗa humra da turaren wuta. Da ta ji tafiyar daga ni sai shi, ta kifa kabbasa a kan kasko ta turara mini kaya kaf, har rigar sanyi da safar hannu. Ta cusa mini kwalbar humra a jaka, ta ce, "Hutu da miji za ki, kada ki ba mu kunya."

Ban taɓa ganin ƙasa irin Scotland ba. Duwatsu sun yi rawani da gajimare, ga tafkuna baƙi wuluk, rana kuma ba ta faɗuwa sai ta ga dama. Na ishe shi da tambaya. Ina bishiyoyin suka tafi? Wa ke kiwon tumakin nan da babu makiyayi? Ya ce, "Allah."

Bareyi kuwa ko ƙyallinsu. Sauran baƙin masaukinmu kullum sai sun dawo da hotuna, mu kuma mu dawo da cizon ƙwari. Mun ga sawunsu, mun ga kashinsu, har makwancinsu mun tarar ciyawa ba ta gama miƙewa ba. Abin ya tsaya mini a rai. Na ce ko jan mayafina ne, na sauya baƙi. Na ce ko muryata ce, na koma raɗa. Har na fara zargin ko sun san baƙon da ba ɗan gari ba. Duk wannan bincike da nake yi, kowace safiya sai na shafa humrata kafin mu fita.

Ana gobe za mu koma, muna kan wani tudu, na ga ya tsinko busasshiyar ciyawa ya sake ta yana kallon inda za ta bi. Na ce, "Wannan kuma fa?"

Ya ce, "Kakana maharbi ne, haka yake duba iska. Naman daji hancinsa ya fi idonsa."

Na bi ciyawar da kallo. Daga bayana iskar take tasowa, ta wuce ni ta gangara kwarin da muke ta hange. Na ɗaga hannun rigata na shinshina. Na ce, "Ni ce?"

Ya yi dariya har ya zauna a kan dutse. Ya ce, "Hajiya, tun ranar farko. Ai ko bareyin Norway sun san mun iso."

"To me ya hana ka faɗa? Don kai fa muka zo."

Ya ce, "An yanke aiki, mun yanke mota, mun yanke zuwa ganin gida. Abu ɗaya da ba a yanke ba a gidanmu shi ne ƙamshin nan. Ba ni zan zama miki council ba."

Na juya baya wai ina gyara mayafi, alhali hawaye ne suka zo mini.

Daga nan ya ja ni muka zagaya tudun har iska ta koma fuskarmu. Can nesa muka hango barewa ɗaya tak, ita ma bayanta kawai muka gani, tana hayewa dutse. Hoton da na ɗauka har yau yara suna cewa tunkiya ce.

Na daɗe ina tunanin shirun nan. Na ɗauka mutumin ya daina ganin komai, ashe yana lissafe da abin da ya rage mana, yana gadinsa. Aiki bai samu ba sai bayan wani dogon lokaci. Amma tun daga kan tudun nan har ƙofar yayata labarin kakansa maharbi yake ba ni, kuma da muka koma Longsight tuwo ya ci gaba da hucewa a gabansa.