Hannuwan da ke bayan dutse

Shef ɗin aiki ya ɓata mini suna, ya ce na binne asiri cikin bangon coci. Tun daga ranan, daga Konni har Illela ba wanda ya sake kira na ginin dutse.

Bayan yunwar tamanin da huɗu ne. Wata tsohuwar coci ta zamanin Nasara, can arewa da Malbaza, bangonta na gabas ya yi ciki, anka ɗauke ni gyara, da yake ni maso ne, wato magini. Ni musulmi ne, lakwal ma, wato makarantar boko, aji huɗu na yi, amma marmara na san ta. Ƙa'idarmu, kowane dutse ka zare sai ka shaida shi da gawayi, ya koma yadda ya kwanta, ka ɗaure shi da laka da farar ƙasa don bango ya sha iska.

Da hantsi na zare dutsen farko. A bayansa, cikin tsohuwar laka, ga sawun tafin hannu, yatsu uku. Na zare na biyu, wannan dungu ne. Haka har sama. Wani tsoho mai gadi ya ce kutaren da masu mishan ke wa magani su sunka yi ginin, da hannu suke danna laka. Wurin da sanyi, alhali rana na dukan ƙeyata. Ban kankare ko ɗaya ba, na dinga mayar da duwatsu a kansu.

Shef ya ce in kankare, in zuba siminti, a gama kafin damina. Na ƙi. Ya gaya wa fada, limamin cocin, wai ina magana da bango, anka sallame ni, anka shafe ko'ina da siminti.

Da ruwa ya sauka, laima ta rasa hanya. Ta fito a fuskar simintin, tabo-tabo, kowane kamar tafin hannu, gajerun yatsu. A shafa fenti, su dawo. Mata sunka daina zama a gefen. Shef ya bi gari yana cewa aikina ne.

Na same shi ran kasuwar Badagishiri, yana cin tsire cikin mutane.

"A'a, malam maso, ina aljanunka?" in ji shi.

Na ce, "Shef, tashi mu tai cocin yanzu da rana tsaka. Ka ɗora hannunka bisa tabo guda ɗaya, ka rantse ni na sa shi. In ka iya, da bakina zan ce ni ne."