Tukuicin Mai Cakulan

A shekarun alif ɗari tara da sittin, ga-ruwa nake yi a Makka. Ta Sudan muka zo da mai ɗakina, bayan Hajji muka zauna a Jarwal ba takarda. Cikin wuraren da nake kai wa ruwa akwai masana'antar cakulan a Hindawiyya, ta wani dattijo mutumin Sham. Da sanyin safiya suke aiki, don in rana ta ɗaga cakulan narkewa yake. Kowa ya san dattijon da ciyar da marayu da zawarawa.

Sai bayana ya riƙe, na kwanta. Abinci ya ƙare a ɗaki. Ni kuwa tun a hanya na yi wa Allah alkawari ba zan ci sadaka a garin nan ba, kada a ce mu Takari bara muka zo yi.

Wata rana da hantsi aka yi sallama. Mai ɗakina ta leƙa, ta ga tsoho da riga duk dabbaren cakulan, ɗauke da shinkafa da mai. Ta ɗauka ɗan aike ne. A wurinmu ba a barin ɗan aike ya koma hannu wofi, sai ta kwance bakin zane ta ba shi goro, ta ce da guntun Larabcinta, “Baba, ga tukuicinka, ka gai da maigidanka.”

Daga shimfiɗa na ji muryarsa yana tambayar mene ne tukuici. Na gane dattijon mai masana'antar ne da kansa. Kunya ta rufe ni, na ce ya shigo, na bayyana masa al'adar, na kuma gaya masa alkawarina.

Ya ciji goron, ya yamutse fuska. “Ya Hajji, da wannan ɗacin kuke gode wa mutum?” Ya tauna har ya haɗiye, sannan ya ce, “To an biya ni, na cinye kuɗin. Wannan ciniki ne, ina sadaka a nan?”

Muka dafa shinkafar.

Da na iya zama, ya ba ni tabarma a masana'antar, ina naɗe cakulan a takarda, ban sake ɗaukar ruwa ba. Har ya rasu, duk Juma'a sai ya miƙo mini hannu ya ce, “Ina tukuicina?” Allah Ya ba shi wanda ya fi goro, a Aljanna.