Iya Dije da Shafi na Goma Sha Tara

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Agusta, 2007, farkon watan Sha'aban, wajen ƙarfe huɗu da rabi na yamma, Allah Ya karɓi ran Iya Dije ta Nariya. Hanyar ratse da aka cike da ƙasa a kan rafi, bayan an rushe tsohuwar gada, ita ce ta zabtare da ita. Sai washegari da hantsi aka samu gawarta.

Iya, tun ranar nake jin ana cewa kwana ne ya ƙare. Na yi imani da haka. Amma akwai abin da na sani, kuma idan na ci gaba da rufe baki na zama abokiyar waɗanda suka jawo wannan.

Ranar 5 ga Fabrairu na fara ganinki, watana huɗu da gama bautar ƙasa. Masu ba da kuɗin sabuwar gada sun kafa sharaɗi: kafin a taɓa rafin sai an binciki ƙumbar ruwa, wannan halitta mai ɓawo biyu da mata ke kankare ƙanzon tukunya da ɓawonta, domin tana ƙarewa a rafukanmu. Kamfanin da ya ɗauke ni aikin gwaji ya turo ni. Na tambayi masunta, kowa ya ce in nemi tsohuwar da ke kai ƙumba kasuwar Rano.

Kika same ni a bakin ruwa da igiyar awo da dogayen takalman roba. Kika dube ni sama da ƙasa.

"Ke 'yar boko, da waɗannan za ki shiga? Cire su. Da tafin ƙafa ake jin ta. Ko a makarantar taku ba a koya muku amfanin ƙafa ba?"

Kwana goma sha biyu muka yi muna taka laka. Ke ki lalubo da ƙafa, ni in auna, in rubuta, ki mayar da ita inda kika ɗauko, bakinta yana sama. Ba ki taɓa kai mai rai kasuwa ba, sai ɓawon wadda ta mutu. Ranar da kaska ta kama ni a ƙwauri na yi ta ihu, ke kika cire min ita kina dariya har da riƙe ciki. Kullum da azahar sai kin kai ni gida na ci dambu, wai kada a ce 'yar mutane ta rame a hannunki.

A tsohon mashigi, inda kuke tsallakawa da ƙafa tun kafin a yi gada, mun ƙirga masu rai ɗari huɗu da goma sha biyu a cikin mita sittin. Mita ɗari biyu da talatin ƙasa da nan, wato a ƙasan gada ta inda ruwa ke gangarawa, ko ɗaya ba mu samu ba. Na ce to, nan ne ya dace motoci su riƙa bi, tunda babu abin da za a kashe. Kika daina dariya.

"Kin san abin da ya hana ta zama a nan? Ƙasan wurin yashi ne mai tafiya. Ruwa ɗaya ya isa ya kwashe shi. Ko jaki ba ma bi da shi ta nan da damina. Rubuta wannan ma."

Na rubuta, Iya. Rahotona shafi talatin da ɗaya ne, shawara biyu na bayar. Ta farko, a killace tsohon mashigi saboda ƙumba. Ta biyu, a shafi na goma sha tara, kada a yi hanyar ratse a ƙasan gada. A yi ta a sama inda akwai dutse, ko da zagayen zai fi tsawo.

A watan Mayu na ga kwafin da aka ɗinke aka miƙa. Shawara ta farko tana nan, har da hotonki. Ta biyu babu ita. Na je wurin shugabana, na tambaye shi. Bai ko ɗago kai ba ya ce, "Juwairiyya, ƙumba aka aike ki ƙirgawa. Tun yaushe zancen tsohuwa mai tallan ɓawo ya zama aikin injiniya?" Na ce to. Saura wata biyu a tabbatar da ni a aiki, sai na ja bakina na koma kujerata. Wannan laifina ne, ba zan ɗora wa kowa ba.

Surukarki Jumai ta faɗa min yadda aka yi. Daga bikin suna kuke dawowa, an sha ruwa tun safe. Kika dubi hanyar ratse kika ce ba za ki hau ba, kika nufi tsohon mashigi, inda kika san kowane taku. Kika tarar da shingen waya da maigadi. Ya ce an hana shiga, za a tattake ƙumba. Ke, Iya, wadda kika nuna mana ita! Kika ce masa, "Ɗan nan, ni na ƙirga su." Ya ce shi dai umarni aka ba shi. Kika juyo zuwa hanyar ratse, kika ce wa Jumai ta tsaya tukuna ki fara gwadawa.

Shingen da na rubuta a yi, shi ya kore ki daga inda za ki tsira. Gargaɗin da kika ba ni kuwa aka cire shi domin a rage tafiyar tifa.

Ran sadakar uku kamfani ya aiko da buhun shinkafa, wakilinsu ya fi kowa ɗaga murya wajen cewa ƙaddara ce. Jiya na koma rafin. Tifa shida na ƙirga suna juye ƙasa a daidai inda ya zabtare, ga sauran damina a gaba, ga mata da goyo suna jiran a gama su bi. Don haka yau da safe na kai wa mai gari da ofishin ƙaramar hukuma ainihin shafi na goma sha tara, da sa hannuna da kwanan wata. Na san makomar aikina. Ga abin da ke ciki, kowa ya karanta:

"Kada a yi mashigi a ƙasan gada. Yashin wurin yana tafiya da ruwa. Majiya: Iya Dije, Nariya."

Allah Ya jiƙanki, Iya. Ya karɓi shahadarki, Ya haskaka makwancinki, Ya yafe min shirun da na yi. Ina miƙa ta'aziyyata ga ɗanki Malam Shitu, da Jumai, da jikoki, da mutanen Nariya baki ɗaya. Allah Ya ba ku haƙuri. Kuma don girman Allah, kafin a gyara, kada kowa ya hau hanyar nan idan an yi ruwa.

Juwairiyya Ramalan, Rano