Itacen da Aka Hana Girma

A shekarun da mudun gero ya fi ƙarfin wanda ya noma shi, lokacin da matan ƙauyenmu suka koma kwaɗon tafasa da rama ba don marmari ba, kawuna ya yanke shawarar sayen itacen ado. Ni kuwa na kammala digiri a fannin aikin gona, na yi hidimar ƙasa, na dawo gida ina bin mahaifina gona, inda fartanya ba ta taɓa tambayata sakamakon jarrabawa ba.

Kawu dillalin takin zamani ne, saboda haka yana cikin ƙalilan da tsananin ya yi wa ƙiba. Yana da ubangida a siyasa, wani babban mutum mai faɗa a ji a ƙaramar hukumarmu, wanda aka ce zai zo garinmu bayan an yi girbi. Magoya baya suna tanadin raguna da buhunan gyaɗa. Kawu ya ce wannan kyautar ƙauyawa ce. Ya gani a wayarsa cewa manyan duniya yanzu ƙananan itatuwa suke ajiyewa a faranti, waɗanda ake kira bonsayi, kuma wai mafi daraja a cikinsu ita ce azaliya mai fure.

Ya kira ni zaurensa ya ce, "Kai da ka karanta itatuwa, ga ranarka. Ka raya min ita har ranar da zai zo. Ni kuma in tsayar da kai a gabansa in ce ga ɗan ƙanwata. Gurbi a sashen noma, ai magana ɗaya ce a wurinsa."

Ban taɓa samun alkawarin aiki da ya kai wannan kusa ba, don haka na amsa.

A farkon damina muka shiga Kano, wurin masu sayar da shuke-shuke a bakin titi, gefen wata magudanar ruwa. Da Kawu ya nuna hoton, mai shuke-shuken bai ko duba da kyau ba ya ce akwai. Ya kawo wani abu da aka guntule aka cusa a kwano. Na duba ganyen, na taɓa ƙayar, na ce wannan bogambiliya ce, irin wadda ke hawa katangar gidajen ma'aikata.

Mutumin ya dube ni tun daga hula har takalmi. "Alhaji, ɗanka ne?"

"Ɗan ƙanwata ne. Ya yi digiri."

"Allah Sarki. Allah Ya ba shi aiki, ya bar mu mu yi namu."

Sai da ya ga za mu tafi sannan ya kai mu bayan wata rumfa, inda ya ɓoye shuke-shuke biyu a faranti da ya ce daga Jos aka kawo su. Waɗannan kam azaliya ce ta gaskiya. Na yi wa Kawu bayani dalla-dalla: ɗaya irin da ake kira Kurume ce, mai ƙananan furanni cunkus, ɗayar kuma Satsuki, wadda ta fi jure yanka da lanƙwasa, kuma takan fitar da fure kala-kala a jiki ɗaya. Kawu bai saurari ko ɗaya ba. Ya maimaita sunayen a bakinsa, ya zaɓi Satsuki domin a cewarsa sunan ya fi kama da na inji mai tsada.

Na gaya masa tun a can cewa shukar ƙasar sanyi ce. Tana son ƙasa mai tsami, da ruwan sama, da inuwa. Ba ta shiri da rana, ba ta shiri da ruwan rijiya mai kanwa, toka kuwa ajalinta ce.

"Ashe 'yar masu kuɗi ce," in ji Kawu cikin jin daɗi, ya biya abin da aka yanka masa ba tare da ya taya ba, shi da yake ciniki da mai ƙosai.

Aka ajiye ta a kan turmi a rumfar ƙofar gida, domin abin da aka saya don a gani ba a kai shi ɗaki. Kafin la'asar rabin gari ya zo kallo. Tsayinta bai wuce kamu ɗaya ba, gindinta a murɗe kamar na tsohuwar tsamiya.

Wani dattijo ya tambaye ni, "Malam, me take haifa?"

Na ce ba ta haifar abin ci.

"Ana miya da ganyen?"

Na ce a'a, kuma a kiyaye awaki, domin ganyen guba ne.

"In ta girma dai a sha inuwa."

Na ce ba za ta girma ba, wannan shi ne iyakarta.

Ya jinjina kai. "Ba ci, ba inuwa, ba makamashi, ga kujera an ba ta. To, Alhaji, ka sayo mana kansila."

Duk wannan mai sauƙi ne. Babbar matsalar kakata ce, mahaifiyar Kawu, wadda ke kirana mijinta saboda wasan jika da kaka. Ta fito da sandarta ta sa na yi mata bayani. Na faɗa mata cewa da gangan ake ƙanƙantar da itacen: a datse saiwarsa, a takura shi a faranti, a ɗaure rassan da waya, a auna masa abinci kaɗan-kaɗan, har ya tsufa bai girma ba.

Ta ce, "A yanke masa saiwa, a ɗaure shi, a hana shi ƙoshi, sannan a taru a ce ya yi kyau? Maigidana, har birni kuka je kuka sayo wannan? Shiga kowane gida a layin nan ka ɗaga rigar yaro, za ka ga irinsa kyauta."

Dole in bayyana wani abu ga wanda bai san yankinmu ba. Gonakinmu a manne suke da juna, ba a barin ko taku ɗaya ya huta. Abin da ke riƙe da ƙasar shi ne taki. Tokar murhu, da kashin awaki, da sharar tsakar gida, duk ana tarawa a kai gona a mangala. A wurinmu, wanda ya ga shuka ta kumure kuma yana da toka ya hana ta, marowaci ne. Haka nan wanda ya yi alwala ba ya zubar da ragowar ruwan buta a banza, sai ya nemi gindin shuka ya juye domin lada. Rumfar Kawu kuwa nan ake alwala kafin a shiga masallacin unguwa.

Don haka Satsuki ta faɗa hannun masu tausayi. Na tara mata ruwan sama a randa, baƙin Kawu suka gano ya fi na rijiya daɗi suka shanye. Na roƙi masu alwala, suka ce ba ɗan boko ne zai shiga tsakaninsu da lada ba. Wata safiya na tarar da farantin ya yi fari fat da toka, an jera kashin awaki a kai kamar an yi wa tuwo ado.

Na kwashe, na wanke, na shiga wurin kakata. "Iya, don girman Allah ki bar shukar nan. Aikina yana jikinta."

"Yo ai don aikin naka nake yi, mijin banza. Ka bar ta da yunwa, wa zai ɗauke ka aikin noma?"

"Toka tana kashe tsamin ƙasa, ita kuma da tsamin take rayuwa."

"Ni na haifi tara na raya bakwai. Kai me ka taɓa rayawa, ban da gemun nan da ya ƙi fitowa?"

Na kai ƙara wurin Kawu. Ba shi da bakin yi wa mahaifiyarsa faɗa, ba zai kuma ɓata wa masu alwala ba, tunda kowace buta ƙuri'a ce. Sai ya yi mini faɗan. Na nemi a mayar da ita ɗakina, ya ce bai kashe dukiyarsa don ɓeraye su yi kallo ba.

Ganyen ya koma ruwan ɗorawa, jijiyoyinsa kaɗai suka rage kore. Ganin haka kakata ta tabbatar yunwa ce, ta ƙara toka. Kafin a yanke gero, Satsuki ta zama ƙirare a faranti. Na kankare ɓawon da farce, ban ga ɗigon kore ba.

Da na sanar da Kawu, ko gezau bai yi ba. "Ni fure na yi niyyar bayarwa, kuma fure zan bayar." Ranar kasuwa ya dawo da damin furannin roba, irin waɗanda ake jerawa a ɗakin amarya, ya zube su a gabana.

Tunda aikin ya zo hannuna, ban ga dalilin yin sa a gurguje ba. Na sa almakashi na rage kowane fure ya koma kunne biyar kamar na azaliya. Na yanka ganyen ƙanana masu tsini. Na ɗaura su da siririyar waya a ƙarshen rassa, inda furen gaskiya yake fitowa, na gauraya fari da ja kamar yadda Satsuki take yi. Masu alwala suka ci gaba da ba ta ruwa, kakata kuwa ta zagaya gari tana cewa tokarta ce ta yi aiki.

Babban mutumin ya zo, aka karɓi raguna aka tura su mota. Kawu ya gabatar da farantin da hannu biyu, ya faɗi sunan har sau biyu don kowa ya ji. Mutumin ya sunkuya ya sansana. Sai ya kama fure ɗaya ya murza tsakanin yatsunsa. Furen ya lotsa, ya dawo yadda yake.

Ya ɗago yana murmushi. "Alhaji, wa ya yi wannan aikin?"

Kawu ya turo ni gaba, ban sani ba ko gabatarwa ce ko miƙa mai laifi.

"Tun yaushe ta mutu?" ya tambaye ni a hankali.

"Tun kafin girbi, ranka ya daɗe."

"Kuma duk garin nan ba wanda ya gane?"

"Babu, ranka ya daɗe."

Ya yi dariya har hularsa ta karkace. Ya ce sashen noma a cike yake da masu digiri, kuma ba abin da suke tsinana masa. Amma yana da kwamitin dashen itatuwa, baƙi daga nesa sukan zo duba aikinsa, kuma ya daɗe yana neman mai hannu irin nawa.

Ranar Litinin na kama aiki. Aka ba ni mota a-kori-kura da dashen darbejiya a cikin leda. Mukan kafa su da safe a filin da za a yi taro, mu bar ledar a jikinsu a ƙarƙashin ƙasa don kada saiwar ta kama. In baƙi sun ɗauki hoto sun tafi, sai mu tone su mu loda, domin washegari ana jiransu a wani garin.